AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Me Ya Sa Ake Kafa Akwatin Yanke Wuta Kusa Da Na'urar Ɗumama Gida Da Sanyaya Shi?

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin ko da yake daga ƙasashe dabam-dabam suka fito, a kan abu ɗaya suke magana.

TAMBAYA TA FARKO

Wani mai sauraronmu da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya ce ya sayi na'urar nan da ake girkewa a bayan gida, wadda ke ɗumama gida lokacin hunturu, ta kuma sanyaya shi lokacin zafi. Ya ce mai haɗa masa wuta ya nemi ƙarin kuɗi domin ya kafa wani ɗan akwati a jikin bango kusa da na'urar, ya kuma gaya masa idan babu akwatin sufeton gari ba zai sa hannu a kan aikin ba. Shi ne yake tambaya: tun da akwai makunnin na'urar a babban akwatin wuta na cikin gida, mene ne amfanin wani kuma a waje? Ko dai cin kuɗi ne kawai?

AMSA

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Mai aikin nan gaskiya ya gaya maka, bai cuce ka ba. Wannan ɗan akwati shi ake kira akwatin yanke wuta, kuma doka ce ta ce a kafa shi. Amma kafin mu zo kan dokar, bari mu fara da dalilinta, domin wanda ya san dalili ba ya jin nauyin doka.

Ita wannan na'ura, wadda za mu iya kira famfon zafi, ba wuta take hurawa ba. Kwaso zafi take yi daga wani wuri ta kai shi wani wuri. Da bazara ta kwashi zafin cikin gida ta zubar a waje, kamar yadda iyakwandishan ke yi. Da hunturu kuwa sai ta juya aikin, ta tsamo ɗan zafin da ke cikin iskar waje ta shigar da shi gida. A cikin ɓangaren da ke waje akwai kwamfireso, watau injin da ke matsa iskar gas yana zagaya da ita cikin bututu, akwai fanka, akwai kuma wayoyi masu ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 240.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Wannan na'ura ita ke ta da kanta. Akwai ɗan ma'aunin zafi a bangon falo, da zarar ya ji ɗaki ya yi sanyi ko ya yi zafi fiye da yadda aka saita shi, sai ya aika da 'yar ƙaramar wuta mai bolt 24 zuwa waje, ita kuma ta haɗa babbar wutar, inji ya tashi. Ke nan idan ka ga na'urar ta yi shiru, barci take yi, ba mutuwa ta yi ba. Ko ka kashe ma'aunin da ke falo, babbar wutar tana nan a cikin cikinta tana jira. Wasu ma suna da wani ɗan abin ɗumama man kwamfireso wanda ke cin wuta a daidai lokacin da injin yake hutawa.

To, a ce mai gyara ya zo. Ya sauka ɗakin ƙasa ya kashe makunnin na'urar a babban akwati, ya fito bayan gida ya kwance murfi, ya zura hannu. Can sai uwargida ta ga falo ya fara sanyi, ko yaro ya ga wani makunni a kashe, ya ce bari ya taimaka ya mayar da shi. Ba mugunta ba, shi bai san da mutum a waje ba, shi kuma mutumin waje ba ya ganin abin da ake yi a ciki. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, idan ta ratsa ƙirjin mutum, tana iya rikita bugun zuciya har a rasa rai. Wannan layi kuwa amfiya 30 ko 40 yake iya bayarwa kafin makunni ya faɗi. Saboda haka aka ce a sa wa mai gyara makunninsa a inda idonsa ke kai, ya kashe da hannunsa, yana aiki yana kallonsa.

ABIN DA DOKA TA CE

A Amurka akwai wani kundi na ƙa'idojin haɗa wutar lantarki da ake kira NEC a taƙaice. An fara buga shi a 1897, kuma ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, watau NFPA, ita ke fitar da sabon bugu duk bayan shekara uku. Shi kansa kundin ba dokar gwamnatin tarayya ba ne. Kowace jiha ko birni ke ɗaukarsa ta mai da shi dokarta, wani lokaci da 'yan gyare-gyare. Shi ya sa za ka tarar wannan jiha tana aiki da bugun 2023, maƙwabciyarta kuwa tana kan wanda ya gabace shi. Sashe na 440 na kundin shi ya yi magana a kan na'urorin sanyaya wuri, kuma ga manyan sharuɗɗan da suka shafe ka.

Na farko, lalle akwatin ya kasance a inda ake hango shi daga wurin na'urar. Kundin bai bar wannan magana a buɗe ba, ya fassara ta: a riƙa ganinsa da ido, kuma nisansa kada ya wuce ƙafa 50, watau mita 15. Sharaɗi biyu ke nan a haɗe. Idan akwatin yana da nisan ƙafa biyar kacal amma a bayan kusurwar gini yake, bai cika ba. Haka nan idan ana hango shi tar amma nisansa ƙafa 60 ne, shi ma bai cika ba. Da wannan ka ga abin da ya sa makunninka na ɗakin ƙasa bai wadatar ba.

Na biyu, a iya isa gare shi nan da nan, ba sai an ɗauko tsani ba, ba sai an tsallake wani abu ko an kau da tarkace ba. Hannun makunnin kuma, bisa ƙa'ida, kada tsayinsa daga ƙasa ya wuce ƙafa 6 da inci 7, watau mita biyu. A wurinku da ƙanƙara ke zuba, hankali ya ba da a ɗaga shi yadda ba za ta binne shi ba.

Na uku, a bar fili a gabansa. Bugun 2023 ya fito da wannan ƙarara: mai aiki ya sami wurin tsayawa mai zurfin ƙafa uku, da faɗin inci 30, da tsayin ƙafa shida da rabi. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa wajen sufeto, domin sukan liƙa akwatin a bango daidai bayan na'urar don kada ya ɓata kyan gida. Sai ya zama mai gyara ya kwanta a kan ƙarfen na'urar kafin ya kai hannu. Mutumin da ya jingina ƙirjinsa a kan ƙarfe yana taɓa wayar wuta, ai ya shirya wa wutar hanya ke nan. A gefe ake kafa shi.

Na huɗu, an yarda a ɗaura akwatin a jikin na'urar kanta, amma ban da kan murfin da ake cirewa wajen gyara, kuma kada ya rufe ɗan allon bayani da kamfani ya manna mata. Har ila yau bugun 2023 ya ƙara da cewa a gidajen zama, idan buɗe ƙofar akwatin zai bayyana wayoyi masu wuta, to ya zama sai da abin kwancewa ake buɗe ta, ko kuma a iya sa mata kwaɗo. Wannan saboda yara ne.

Na biyar, tun da a waje zai zauna, sai ya zama irin wanda ruwan sama ba ya shiga. A Amurka za ka ga an rubuta 3R a jikin irin wannan. Kuma da yake wutar bolt 240 ta gidajen Amurka da wayoyi biyu masu wuta take zuwa, dole akwatin ya yanke su duka biyun lokaci guda. Wayar ƙasa kuwa, wadda ke kwashe wuta idan ta tsere zuwa jikin ƙarfe, ita ba a yanke ta ko kaɗan, daga babban akwati har jikin na'ura a haɗe take.

YAYA AKE SANIN GIRMANSA?

Nan sai a koma ga allon bayanin da muka ambata, domin shi ne alƙali. Bari mu ba da misali da lissafi. A ce allon ya nuna kwamfireso yana jan amfiya 18, fanka kuma amfiya 2, jimla 20 ke nan. Doka ta ce ƙarfin akwatin yanke wuta kada ya gaza kashi 115 cikin ɗari na wannan jimla, watau amfiya 23. A kasuwa kuwa galibi iri biyu ake samu, mai amfiya 30 da mai amfiya 60. Ka ga mai 30 ya isa wannan na'ura. Idan aka sa mai 60 wanda ba shi da fis, babu laifi, domin aikinsa yankewa ne kurum, ba gadi ba.

A kan allon za ka kuma ga wasu lambobi biyu. Ɗaya an rubuta MCA a gabanta, ita ce mafi ƙarancin wutar da wayar za ta iya ɗauka. A misalinmu ana ƙara rubu'i a kan na kwamfireso, 18 ta zama 22.5, a haɗa da 2 na fanka, ya zama 24.5. Da wannan ake zaɓen kaurin waya. Ɗayar kuma, wadda akan rubuta MOCP ko makamancin haka, ita ce iyakar girman fis ko bireka da aka yarda a sa, a nan tana iya kaiwa 40.

Wani zai ce, yaya za a sa bireka mai 40 a kan wayar da aka auna da 24.5? Dalili shi ne, kwamfireso irin na da, a daidai lokacin da zai tashi, yakan fizgi wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci yana tafiya, na ɗan ƙiftawar ido. Ƙaramin bireka sai ya yi ta faɗuwa. Shi kwamfireson yana da nasa mai gadi a ciki da ke kashe shi idan ya yi zafi, bireka kuwa yana jiran ranar da waya za ta haɗu da waya. Amma fa kada a wuce lambar da aka rubuta ko da amfiya biyar.

Sai batun fis. Idan allon ya ce fis ko bireka, to birekan cikin gida ya wadatar, akwatin waje ba sai mai fis ba. Idan kuwa fis kaɗai ya ambata, to lalle a sayi mai fis. A karanta da kyau kafin a je kanti.

Akwatunan kansu iri-iri ne. Akwai wanda ake zaro wani ɗan marfi daga cikinsa, mai gyara ya jefa shi a aljihu, shi ke nan babu mai iya mayar da wuta sai shi. Akwai mai hannu a gefe da ake ja ƙasa a sa masa kwaɗo. Kowanne ya yi, in dai ya cika sharuɗɗan.

Abu biyu suka rage maka, Malam. Kundin ya ce a sami soket na bolt 125 a tsakanin ƙafa 25 daga na'urar, domin mai gyara ya jona kayan aikinsa, kuma kada a ɗauko wutar soket ɗin daga bayan akwatin yanke wuta, in ba haka ba da ya kashe na'urar ya kashe wa kansa fitila. Sa'an nan bugun 2020 ya nemi a sa wa irin waɗannan layuka na waje makunnin nan mai jin tserewar wuta, amma da aka ga yana yawan faɗuwa da wasu sababbin na'urori ba gaira ba dalili, sai aka ɗaga musu ƙafa har zuwa 1 ga Satumba, 2026. Wannan kam sai ka tambayi ofishin sufeton garinku abin da suke aiki da shi. Ka kuma tuna ɓangaren cikin gida yana da layinsa dabam, musamman idan yana da wayoyin ɗumama na ko-ta-kwana, don haka kashe na waje bai kashe na ciki ba.

TAMBAYA TA BIYU

Wani matashi daga Kaduna da ke koyon gyaran iyakwandishan ya ce ya ji ana wannan magana, shi ne yake son ya sani ko ta shafe mu, tun da mu sanyi kawai muke nema, kuma makunni a ɗaki ake sa shi.

AMSA

To samari, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kundin Amurka ba shi da iko a Kaduna, amma wutar da ke can ita ce a nan. A Nijeriya akwai ƙa'idojin haɗa wuta da hukumar NERC ta fitar a 2015, akwai kuma hukumar NEMSA da aka kafa da dokar wannan shekara, wadda ke duba ayyukan lantarki tana ba masu haɗa wuta takardar shaida. Tsarin aikinmu kuwa ya fi kama da na Ingila, inda aka saba kafa wani makunni mai murɗawa kusa da ɓangaren waje, irin wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, mai alamar IP65 ko makamanciyarta, kuma mai wurin sa kwaɗo.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce, waya ɗaya mai wuta, ɗaya mai mayarwa. A ƙananan iyakwandishan masu ɓangare biyu, yawanci wuta kan fara shiga na ɗaki ne, daga nan waya ta bi bututu ta fita zuwa na waje. Makunnin bango mai amfiya 20 da ake sawa a ɗaki yana da kyau, da sharaɗin ya zama mai yanke wayoyin biyu. Me ya sa biyu, alhali ɗaya ce mai wuta? Saboda sau da yawa za ka shiga gida ka tarar an juya wayoyin, wadda kake zaton ba ta da komai ita ce mai cizo. Amma shi ma wannan makunni yana ɗaki, kai kuwa kana waje a kan tsani, ko kan rufin bene, ga zafin Afrilu, ga mai gida riƙe da rimot. Ka ga mun dawo kan matsalar mutumin Ohayo. Saboda haka idan ɓangaren waje ya yi nisa, ko yana kan rufi, ko babbar na'ura ce ta ofis ko asibiti mai layi uku, ka shawarci mai wurin a kafa makunni a waje.

Akwai kuma wani tarko namu na kanmu. Mai gyara ya iso ya tarar an ɗauke wuta, sai ya ce alhamdu lillahi, bari in yi sauri kafin su kawo. Wannan ganganci ne. NEPA ta canja suna tun 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har yau babu mai yi maka sallama kafin a maido da wuta. Ban da haka, ga janareta, ga batiran sola, yaro na iya juya makunnin sauya layi a kowane lokaci. Ɗauke wuta dabam, yanke wuta dabam.

Ga tsarin da za ka riƙe, ko maigidanka yana kallo ko ba ya kallo. Ka kashe makunni da hannunka. Ka zare fis ɗin ka sa a aljihu, ko ka sa kwaɗo, in babu hali ka liƙa takarda ka kuma gaya wa mutanen gida baki da baki. Ka gwada abin awonka a inda ka tabbata akwai wuta, domin ka san yana aiki, sa'an nan ka auna wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka tuna da kafasita, wannan ɗan gwangwanin da ke taimaka wa inji tashi, domin yana riƙe wuta a cikinsa bayan an kashe komai. Sababbin na'urori masu inbata sun fi haɗari ta nan, suna iya riƙe sama da bolt 300 na wasu mintoci, shi ya sa kamfanoni ke rubuta a jikin murfi a dakata, wasu har minti goma. Ka jira, ka auna, sa'an nan ka taɓa. Kuma ka sani ko a cikin akwatin yanke wutar kansa, wayoyin da suka shigo daga gida suna nan da wutarsu bayan ka kashe shi.

Daga ƙarshe, ga masu gidaje baki ɗaya, can da nan: kada ku tara itace ko buhuna a gaban wannan akwati, kada ku bari shuka ta rufe shi, ku kuma nuna wa kowane babba a gida inda yake. Ranar da na'ura ta fara hayaƙi ko ƙauri, ba lokacin neman makunni ba ne. Kuɗin akwatin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin na'urar, balle a gwada da ran mutum. Aikin kafa shi kuma a bar wa mai takardar shaida.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta tambaya a taƙaice yadda za ta karantu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.